Superboy a duniyoyi daban-daban na DC Comics

Superboy suna ne da matasan jarumai da dama suka ɗauka a littattafan labarin zane na kamfanin DC Comics na Amurka. Na farkonsu shi ne Clark Kent, wato Superman yana yaro a garin Smallville, wanda ya fito a More Fun Comics lamba 101 a 1945. Wasu daga cikin waɗanda suka biyo baya an ƙirƙiro su ne don ɗinke ɓarakar da sauye-sauyen kamfanin suka haifar a tarihin labaran.

Matsalar 1986 da ƙaramar duniya

A 1985 zuwa 1986, jerin Crisis on Infinite Earths mai fitowa 12 ya dunƙule duniyoyin DC zuwa ɗaya. Daga nan John Byrne ya sake rubuta asalin Superman a The Man of Steel, inda Clark bai sa rigar jarumta ba sai da ya girma. Ke nan ba a taɓa yin Superboy ba. Sai dai ƙungiyar Legion of Super-Heroes ta ƙarni na 30, wadda ta fara fitowa a 1958, koyi da Superboy ne ya sa aka kafa ta, kuma ya daɗe yana cikinta. Cire shi ya bar labaran kusan shekara 30 ba tushe.

A 1987 aka kawo mafita: wai mugu Time Trapper ya yanki wani ɗan guntun lokaci ya yi ƙaramar duniya da shi, mai nata Superboy, ya riƙa karkatar da 'yan ƙungiyar can duk sa'ad da suka koma baya. Wannan Superboy ya mutu a shekarar yana kare duniyarsa. Dabarar ta yi amfani, amma ta ƙara wa sabon mai karatu nauyi, alhali sauƙaƙawa aka nufa tun farko.

Superboy-Prime

Elliot S. Maggin da Curt Swan ne suka fito da shi a DC Comics Presents lamba 87 a 1985. Duniyarsa, Earth-Prime, irin tamu ce: Superman a littafi kawai ake ganinsa. Yaron ya tashi da sunan Clark Kent, ƙarfinsa ya bayyana lokacin wucewar tauraruwa mai wutsiya ta Halley. Duniyarsa ta halaka a Crisis, shi kuma ya tsira a wani keɓantaccen wuri tare da Superman na wata duniyar, Earth-Two.

A Infinite Crisis na 2005 zuwa 2006, Geoff Johns ya mai da shi abokin gaba, yaron da kewar gida ta zame masa ƙiyayya. Naushin da ya riƙa kai wa katangar wurin ya girgiza tarihi, kuma da shi aka bayyana dawowar Jason Todd, tsohon Robin mataimakin Batman, daga mutuwa. Dutsen kryptonite na babbar duniyar DC, mai raunana Superman, ba ya cin Superboy-Prime, domin ba daga Krypton ɗinsa, wato duniyar da aka haife shi, ya fito ba. Jar rana ce ke karya shi. Cikin dukkansu, labarinsa ne ya fi taɓa zuciya.

Conner da Jon

Conner Kent, ko Kon-El, kwafin halitta ne da cibiyar Cadmus ta yi bayan mutuwar Superman, ya fito a Adventures of Superman lamba 500 a 1993. A 2003 aka bayyana cewa rabin ƙwayoyin gadonsa na Superman ne, rabi kuma na Lex Luthor, babban abokin gaban Superman. A labaran 1999 ya ratsa duniyoyi ya haɗu da Black Zero, wani shi ɗin ne da ya girma ya zama azzalumi. Ya mutu a 2006 a faɗa da Superboy-Prime, aka dawo da shi daga baya.

Jon Kent, ɗan Clark da Lois Lane, wanda shi ma ya ɗauki sunan Superboy, an haife shi a jerin Convergence na 2015. Ya yi shekaru a tsare a hannun Ultraman, mugun takwaran Superman na duniyar Earth-3, ya dawo gida saurayi.