Duka ko tofa wa malamin addinin asibiti yawu: me dokar Ingila ta ce?

A asibitocin gwamnati na Ingila, wato NHS, akwai malaman addini da aikinsu shi ne zama da marar lafiya da danginsa, limami ne ko fasto ko na wani addinin. Su ake kira idan rai ya zo gargara ko an yi rasuwa, to ka ga a daidai lokacin da zuciya ta fi tafasa suke shiga ɗaki, wani ɗan uwan mamacin sai ya huce a kansu, ya hankaɗe, ya tofa yawu, wani ma ya kai hannu. Abin da ke damuna shi ne da yawansu shiru suke yi, wai ai haƙuri aka san malami da shi.

Tun watan Nuwamba na 2018 akwai doka a Ingila da Wales da ta ware cin zarafin ma'aikatan agajin gaggawa a matsayin laifi na musamman, ɗan majalisa Chris Bryant ne ya kawo ƙudirin. Duka na gama-gari hukuncinsa bai wuce wata 6 a gidan yari ba, wannan doka ta kai shi wata 12, a 2022 kuma aka ninka zuwa shekara 2.

Dokar ba ta ambaci malamin addini da suna ba. Cewa ta yi duk wanda ke aikin lafiya a NHS, ko aikin da ke tallafa wa na lafiyar, matuƙar aikin nasa na haɗa shi ido da ido da marasa lafiya ko jama'a. Ni dai a karatuna wannan siffar malamin asibiti ce sak. Kuma ta fayyace cewa ko ana biyanka ko sa kai kake yi duk ɗaya ne, wannan fa babban abu ne tunda da yawa cikinsu 'yan sa kai ne.

Ba sai jini ya zuba ba. Tofa yawu laifi ne, haka ɗaga hannu da zai sa mutum ya tsorata cewa yanzu za a doke shi. Zagi zalla ba ya shiga wannan dokar, amma dokar lafiya da tsaro a wurin aiki ta 1974 ta ɗora wa asibiti nauyin kare ma'aikatansa, shi ya sa ko zagin ne gara a kai rahoto a rubuce, don idan babu shi a takarda hukumar asibiti ba za ta san akwai ɗakin da bai kamata a tura malami shi kaɗai ba.