Birkin Jake: Me Ainihin Ake Hanawa a Garuruwan Amurka?

Kwanan nan duk bidiyon tirelolin Amurka da ya faɗo a Facebook sai ka ga an rubuta a ƙasa wai "an haramta birkin inji". Har na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana ta salati, wai wace irin ƙasa ce za ta hana direba taka birki. Malam, wannan birkin ko taka shi ba a yi. Makunni ne a gaban direba, yana kama aiki da zarar ya ɗage ƙafa daga totur.

Injin dizal ba ya riƙe mota a gangara yadda na fetur ke yi in ka rage giya. Fistan, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin injin, ya matse iska, iskar ta sake tunkuɗo shi, ƙarfin da aka zuba ya dawo. To wannan na'ura, daidai lokacin da fistan ya kai ƙololuwa, sai ta buɗe bawul ɗin hayaƙi iskar ta fice. Injin ya sha wahalar matsewa a banza, wahalar nan ce ke riƙe tayoyi. Ficewar iskar kuma ita ce ƙarar nan mai kama da ɓarin wutar mashinga.

Sunan fa? Direbobin can Jake suke ce masa, kuma babu wani Jake da ya ƙirƙiro shi. Clessie Cummins ne, wanda kamfanin injuna na Cummins ke ɗauke da sunansa. A 1931 shi da abokan tafiyarsa ya tuƙo babbar motar dizal daga New York zuwa Los Angeles don ya nuna ƙwarin injinsa. A gangaren Cajon, jihar Kalifoniya, birki ya yi zafi ya daina kamawa, ga jirgin ƙasa na tsallaka hanya a gabansu. Da ƙyar taragon ƙarshe ya wuce kafin su iso. Duk wanda ya taɓa sauko Hawan Kibo a bayan tirela mai ƙaurin birki ya san wannan faɗuwar gaba. Abin bai bar zuciyar Cummins ba, sai bayan ya yi ritaya ya zauna ya haɗa na'urar. Kamfanin Jacobs, wanda aka sani da ƙera bakin injin huda ƙarfe, shi ya fara sayar da ita a 1961, Jacobs ya gajarce ya koma Jake. A 2022 kuma Cummins ya sayi wannan sashe na Jacobs, kaya ya koma gida.

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta hana birkin ba. Abin da ta ƙayyade ƙara ce: tun 1988 sabuwar babbar mota kada ƙararta ta wuce desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) in an auna daga nisan ƙafa 50. Sauran aikin na jihohi ne da ƙananan hukumomi, kuma a nan aka rabu. Oregon ta hana amfani da shi ne idan motar ba ta da salansa mai rage ƙara. Colorado ta wajabta salansar, ta sa tarar dala 500. Waɗannan sun gano inda gizo ke saƙa, domin motar da salansarta ke lafiya ba ta tada unguwa. Masu tada unguwa su ne 'yan burga da ke cire ta su sa miƙaƙƙen bututu don a ji zuwansu.

Ina tausaya wa mai gida a bakin titi da ake farkar wa da jariri ƙarfe uku na dare. Amma ƙaramin garin da ya kafa allo ya hana birkin ɗungurungum, a ganina lalaci ne. Duba salansa aiki ne, kafa allo kuwa kusa huɗu ce. Wasu allunan sukan ƙara da cewa "sai in an shiga halin gaggawa". Direban da ya ɗauko tan talatin ya jira gaggawa ta zo kafin ya kunna, birkin ƙafarsa ya riga ya fara hayaƙi tun a tsakiyar gangara.