Fanka ba ta sanyaya ɗaki

Idan zafin Maris da Afrilu ya kankama a Kaduna, gidaje da yawa kan bar fanka tana juyawa ba kowa a ɗaki, wai don a dawo a tarar da sanyi. Kuskure ne. Fanka iska kawai take kaɗawa, iskar ta busar da gumi, sai jiki ya ji sanyi. In ba mutum a wurin, aikin banza take yi, injinta ma ɗan ɗumi yake ƙara wa ɗakin.

Abin takaicin shi ne kuɗin. Fankar silin na jan kimanin wat 70. A bar ta awa 10 kullum, yunit 21 ke nan a wata, kuma mita mai kati ba ta yafewa. Za ka fita, kashe ta.