Wai Me Ake Nufi da "Sensa Ce Ta Mutu"?

Mece ce sensa?

Duk wanda ya taɓa kai mota wajen bakanike a Ƙofar Ƙaura ya san wannan magana. Sensa 'yar ƙaramar aba ce mai jin zafi, nauyi, matsi ko haske, ta mayar da abin da ta ji wutar lantarki da za a iya aunawa. Duk abin da ke irin wannan juyi, tiransdusa sunansa. Makirufon ladani yana juya murya ta koma wuta, lasifikar saman masallaci kuma ta dawo da ita murya.

Ta yaya sikelin lantarki ke sanin nauyin buhun gero?

In ka ɗaga farantinsa za ka ga sandar ƙarfe, an manna mata wasu siraran wayoyi masu lanƙwashe-lanƙwashe, galibi guda huɗu. Buhu na hawa, sandar ta ɗan rusuna yadda ido ba ya gani, wayoyin su miƙe ko su takure, turjiyarsu ga wuta ta sauya. Haɗin nan ake kira gadar Wheatstone. To amma abin da ke fitowa raɗa ce kawai: a yawancinsu, in ka ba da bolt 5, milibolt 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na bolt guda) za ka samu a cikakken lodi. Sai amfilifaya ta ɗaga muryar, wani ɗan guntu ya mayar da ita lambobi. 'Yan dakon da ke jibga buhu daga kai su ne ajalin sikeli. Sandar in ta lanƙwashe ta wuce ƙa'ida, ba ta sake komawa sifili.

Zafi fa?

Don tanda da wurin narka ƙarfe, wayoyi biyu na ƙarfe daban ake haɗe bakinsu, zafi ya sa su fitar da 'yar wuta. Thomas Seebeck ya gano haka a 1821. Inda ake son daidai-wa-daida kuwa, akwai sensar Pt100 ta ƙarfen filatinom, wadda turjiyarta ga wuta ke ƙaruwa da zafi: om (ma'aunin turjiya) 100 a digiri sifili, om 138.5 a digiri 100.

Me ya sa sabuwar sensa ke yin ƙarya?

Sau da yawa ba laifinta ba ne, hanya ce. A Pt100, om ɗaya da doguwar waya ta ƙara ya kai kuskuren digiri biyu da rabi. Injin ƙyanƙyasar ƙwai digiri 37.5 yake so, ka ga asara ke nan. Shi ya sa ake saka mata waya ta uku don cire wannan ƙari. Ni dai kafin in sayi sabuwa, sai na duba tsatsa a mahaɗa da ƙurar hunturu, na kuma raba wayarta da ta janareto.

A masana'antu ana cewa "4 zuwa 20". Don me ba daga sifili ba?

Mili'amfiya ke nan, ma'aunin wutar da sensa ke aika wa mita. Ɗauki tankin ruwa: 4 ya ƙafe, 20 ya cika, 12 rabi. In mita ta nuna sifili, ba ruwa ne ya ƙare ba, waya ce ta tsinke, watakila ɓera ya yi aikinsa.