Kwaroron roba da haɗarin ƙanjamau ga mazan da ke neman 'yan daudu

'Yan daudu su ne mazan da ke ɗaukar magana da tafiya da sana'ar mata a ƙasar Hausa. Da yawansu sana'ar abinci suke yi, a Zariya ma akan same su suna tuya a tasha da bakin kasuwa. Wasunsu kan karɓi kuɗi don saduwa. A wasu ƙasashe, mafi kusa da su su ne waɗanda aka haifa maza suka koma rayuwar mata, ko da yake ba abu ɗaya ba ne. Wani bincike na 2013 da ya tattara alƙaluman ƙasashe 15 ya gano kusan kashi 19 cikin ɗari na waɗanda suka koma rayuwar matan na ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. A Najeriya kuwa, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari ne tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne mai biyan kuɗin. Sau da yawa magidanci ne, da mata da 'ya'ya, ba ya ɗaukar kansa cikin masu haɗari, don haka ba ya zuwa gwaji. Wani ma yakan ƙara kuɗi don a yi ba roba, wanda ke neman na abinci kuma da wuya ya ƙi. Abin da ya kwaso, gida zai kai shi.

Saduwa ta dubura ta fi saduwa ta gaba haɗari, domin fatar wurin ba ta da kauri kuma tana saurin tsagewa. Wanda ake shiga ya fi shiga haɗari, amma mai shigar ma bai tsira ba, musamman in yana da gyambo ko ciwon sanyi. Kwaroron roba, irin su Gold Circle da ake samu a kemis na Sabon Gari da Samaru, yana tare ƙwayar in an sa shi tun farko har ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa basilin ko man gyaɗa, waɗanda ke cinye robar ta fashe. Man santsi da aka haɗa da ruwa ne ya dace.

In robar ta fashe, akwai maganin da ake farawa kafin awa 72 a sha kwana 28. Mai ɗauke da ƙwayar da ya riƙe magani har ta daina bayyana a gwajin jini ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Ana gwaji da ba da magani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Tsoro ne babban shinge. Dokar hana auren jinsi da aka sa wa hannu a 2014 ta ƙara sa mutane ɓuya, har wasu na gudun faɗa wa likita gaskiya, alhali a shekarar ce aka yi dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau.