Lambobin yabo na fina-finai da jayayyar sahihancinsu

Lambar yabo ta fim kyauta ce da wata ƙungiya, ko kwamitin alƙalai, ko 'yan kallo da kansu, ke ba fim ko wanda ya yi aiki a cikinsa, galibi sau ɗaya a shekara. Wadda ta fi suna a duniya ita ce Oska ta Amurka, sai kyaututtukan bukukuwan Cannes a Faransa, Venice a Italiya da Berlin a Jamus. Afirka na da FESPACO ta Wagadugu tun 1969, Saudiyya kuma ta shigo sahu a 2021 da bikin Bahar Maliya na Jidda. Tun ranar da aka fara wannan rabo ake jayayya a kan ko kyautar na faɗawa hannun fim ɗin da ya fi kyau, ko kuwa hannun wanda ya fi kusa da masu rabon. Jayayyar ta shigo hirar Hausawan Makka da Jidda da na Sudan, musamman bayan an sake buɗe gidajen silima a Saudiyya a 2018, aka kuma fara jin sunan Sudan a manyan bukukuwa a 2019.

Masu zaɓe da yadda suke zaɓe

An yi bikin Oska na farko ranar 16 ga Mayu, 1929, a wani otal a Los Angeles. A wannan karon manyan kyaututtuka biyu aka bayar: ɗaya ga Wings a matsayin fitaccen fim, ɗaya ga Sunrise a matsayin wanda ya fi fasaha. Da shekara ta zagayo aka soke ta biyun. Ke nan tun daga tushe masu abin sun san cewa kyawun fim ba iri ɗaya ba ne, suka dai zaɓi su dunƙule shi wuri guda.

Masu kaɗa ƙuri'ar Oska ma'aikatan masana'antar ne, wajen mutum 10,000 a yanzu: jarumai, daraktoci, furodusoshi, marubuta, masu ɗaukar hoto da masu tace shi. A 2012 jaridar Los Angeles Times ta bincika ko su wane ne, ta gano kashi 94 cikin 100 farar fata ne, kashi 77 maza, matsakaicin shekarunsu kuma 62. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don haka ba abin mamaki ba ne da aka jera shekara biyu, 2015 da 2016, babu baƙar fata ko ɗaya cikin jarumai 20 da aka ware. Surutun da ya biyo baya ya sa ƙungiyar da ke raba Oska ta gayyato dubban sababbin mambobi, da yawansu daga wajen Amurka. Golden Globe, wata kyautar ta Amurka, ta fi wannan muni. A 2021 aka tona cewa 'yan jarida 87 ne kacal ke raba ta, babu baƙar fata ko guda a cikinsu, kuma ƙungiyar tasu ta watse a 2023.

Tsarin ƙidayar Oska ma yana da nasa tasirin. Tun bikin 2010, mai zaɓen fim mafi kyau ba suna ɗaya yake rubutawa ba, jera su yake yi daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe. Idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a cire na ƙasa a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu, a yi ta haka har wani ya haye. Wannan tsari yana fifita fim ɗin da kowa ya ce ba laifi a kan wanda rabin mutane suka yi santinsa, rabi suka tofar. Sai a 2025 ne ma aka kafa dokar cewa dole mamba ya kalli dukkan fina-finan da ke rukuni kafin ya yi zaɓen ƙarshe a cikinsa. Kafin nan, a yawancin rukunai, amana kawai aka bar wa mutum.

A Cannes da Venice da Berlin abin ya sha bamban. Kwamiti ne ƙarami, a Cannes yawanci mutum tara, suna kallon fina-finai wajen ashirin cikin kwana goma sha biyu, su kulle ƙofa su yanke hukunci. A nan ba a tsoron fim mai wuyar sha'ani, amma ra'ayin shugaban kwamiti na da nauyi ƙwarai, kuma kowace shekara sabon kwamiti ne. Fim ɗin da ya ci bana, da baɗi ya zo, wataƙila ko ambatonsa ba za a yi ba.

Sai kuɗi. Neman Oska kamfe ne irin na siyasa, da talla da liyafa da kamun ƙafa, ana kashe miliyoyin daloli. Misalin da aka fi kawowa shi ne na 1999, lokacin da kamfanin Miramax na Harvey Weinstein ya yi ta matsa lamba har Shakespeare in Love ya kayar da fim ɗin yaƙi na Steven Spielberg, Saving Private Ryan, wanda yawancin masu sharhi suka ɗauka shi zai ci.

Hukuncin da zamani ya warware

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu suka ita ce fina-finan da aka tsallake a lokacinsu, daga baya duniya ta dawo ta durƙusa masu. Citizen Kane na 1941 bai ci fim mafi kyau ba. Amma a ƙuri'ar masana da mujallar Sight and Sound ta Ingila ke yi duk shekara goma, shi ya riƙe matsayi na ɗaya daga 1962 har 2002. Wanda ya ture shi a 2012, Vertigo na Alfred Hitchcock, ko cikin jerin masu neman babbar Oska bai shiga ba. Shi kansa Hitchcock sau biyar ana sa shi takarar gwarzon darakta, bai taɓa ɗauka ba.

Akwai misalin da ya fi kusa da mazauna Makka. Fim ɗin Malcolm X na Spike Lee, na 1992, an ɗauki ɓangaren aikin hajjinsa a Makka, da ma'aikata Musulmi, bayan an samu izinin hukuma. Bai shiga takarar fim mafi kyau ba, jaruminsa Denzel Washington kuma ya sha kaye a hannun Al Pacino, abin da mutane da yawa suka fassara da biyan tsohon bashi, domin Pacino ya daɗe ana hana shi. Wannan ɗabi'a ta ba mutum kyauta don ayyukansa na baya, ba don na gabansa ba, tsohuwa ce a Oska. Spike Lee ɗin dai shi ne ya zo Jidda a Disamban 2024 yana shugaban alƙalan bikin Bahar Maliya, wanda aka daɗe ana yi wa hukunci ya hau kujerar yanke shi.

Sai dai a yi hattara da ɗaukar zamani a matsayin alƙalin da ba ya kuskure. Ƙuri'ar Sight and Sound ita ma mutane ne. A 2012 masana 846 suka yi ta. A 2022 aka faɗaɗa zuwa 1,639, sai ga fim ɗin wata darakta 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, ya taso daga can bayan na talatin ya zama na ɗaya. Fim ɗin bai sake ba tun 1975, masu zaɓen ne suka sake.

Ƙofar harshe

Ga mai yin fim da Hausa ko Larabci, tambayar ba ta kai ga adalcin alƙali ba tukuna, ana tsayawa ne tun a bakin ƙofa. Babbar Oska sai an nuna fim a silimomin manyan biranen Amurka. Saura kuwa rukuninsu ɗaya ne, na fim ɗin ƙasashen waje, inda kowace ƙasa ke aika guda, ko tana yin fim dubu a shekara ko biyu. Daga nan a tace zuwa 15, sannan zuwa biyar. Sai a biki karo na 92 ne fim ɗin da ba na Turancin Ingilishi ba ya ci babbar kyautar, wato Parasite na Koriya ta Kudu a 2020.

Najeriya ta fara aikawa a 2019 da Lionheart, aka mayar da shi saboda yawancin maganar cikinsa Turanci ce. Wannan ya buɗe wa Hausa hanya ta inda ba a zata ba: The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, dukansu da Hausa, su suka wakilci ƙasar. Babu wanda ya kai jerin 15. Sau uku kacal wata ƙasar Afirka ta ci wannan rukuni: Aljeriya a 1970, Kwaddibuwa a 1977, Afirka ta Kudu a 2006, kuma biyun farko Turawa ne suka ba da umarninsu. Masar, uwar fina-finan Larabawa, ta shafe fiye da shekara 60 tana aikawa ba ta taɓa shiga biyar ɗin ƙarshe ba. Duk wanda ya tashi yana kallon fina-finan Masar a gidajen Jidda ko Omdurman ba zai yarda cewa rashin gwaninta ne ya jawo haka ba.

FESPACO an kafa ta ne don toshe wannan giɓi. Babbar kyautarta ta farko, a 1972, ɗan Nijar ne ya ɗauka, Umaru Ganda, a 1987 kuma ta tafi ga fim ɗin Med Hondo a kan Sarauniyar Lugu da ta yi tsayin daka gaban sojan Faransa a 1899.

A Saudiyya

Saudiyya ta yi kusan shekara 35 babu gidan silima na jama'a. An buɗe na farko a Riyad ranar 18 ga Afrilu, 2018. Abin mamaki, kyaututtukan waje sun riga silimar zuwa: Wajda na Haifa al-Mansur, wanda ta ba da umarnin wasu fitowarsa daga cikin mota ta na'urar oba-oba don kada a gan ta tana cuɗanya da maza a titi, an nuna shi a Venice a 2012, ya kuma zama na farko da ƙasar ta aika Oska, alhali babu zauren da za a saya tikitinsa a cikin ƙasar.

Yanzu ma'auni biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Bikin Bahar Maliya yana bin salon Cannes, da alƙalai daga waje, babbar kyautarsa Yusur ta Zinariya tana ɗauke da dala 100,000, kuma fim ɗin ƙasar Jojiya ne ya fara cin ta. A Riyad kuwa akwai Joy Awards, inda jama'a ke zaɓe ta manhajar waya, wanda ya fi masoya shi ke ɗauka. Tazarar da ke tsakaninsu a fili take. Sattar, fim ɗin barkwanci a kan kokawa, ya kafa tarihin ciniki a 2023, amma Nura na Taufik al-Zaidi ne ya zama fim ɗin Saudiyya na farko a jerin Cannes a 2024.

Hausawan Hijaz, waɗanda kakanninsu suka zo hajji a ƙafa suka zauna ake kiransu Hausawi, da waɗanda suka zo daga baya suka cika unguwanni irin su Shari' Mansur a Makka da Karantina a Jidda, abin kallonsu na yau da kullum ba ya cikin ko ɗaya daga ma'aunan nan. Fina-finan Kano masu dogon zango ne a YouTube da Arewa24, da na Indiya da aka juya zuwa Hausa. Ba a nuna su a silima, ba su da fassarar Turanci a ƙasan allo, ba su da kamfanin da zai kai su gaban alƙali. Ma'auninsu shi ne waƙar da aka sa a gidan biki, da maganar jarumi da ta koma karin magana a bakin yara. Ko a Najeriya, kyautar fina-finai ta AMVCA da ake rabawa a Legas a baya ta yi shekaru tana ware wa Hausa rukuninta daban, wanda yabo ne ta wani gefen, killacewa ta wani.

A Sudan

Sudan ce ke ba masu kare kyaututtuka hujjarsu mafi kyau. Bayan juyin mulkin 1989 harkar silima ta durƙushe, zaurukan Khartum da Omdurman suka koma kango. A 2019, shekarar da aka kifar da Umar al-Bashir, fim biyu suka dawo da sunan ƙasar. Al-Hadis anil Ashjar na Suhaib Gasmelbari, labarin gaskiya na dattawa huɗu masu shirya fim da ke fafutukar farfaɗo da wata tsohuwar silima a Omdurman, ya ci kyautar Berlin ta irin wannan fim. Satamutu fil Ishrin na Amjad Abul Ala, labarin yaron wani ƙauye a Jazira da shehi ya yi wa hasashen mutuwa a shekara 20, ya ci kyautar sabon darakta a Venice, ya kuma zama na farko da Sudan ta aika Oska. Ba don waɗannan kyaututtuka ba, da wuya wani a waje ya san da su. Aikin lambar yabo a nan haska fitila ne, ba auna mudu ba.

Amma fitilar tana haska abin da mai riƙe da ita ke son gani. Duka biyun da kuɗin asusun Turai da na ƙasashen Larabawa aka yi su, kuma wasu 'yan Sudan sun yi ƙorafin cewa na biyun ya zana rayuwar ɗariƙun ƙauye ne yadda baƙo zai ji daɗin kallo. Bahaushen Mai Wurno ko Gadarif ko Kasala, wanda ya san zikiri da ziyarar shehi daga ciki, yana da ikon kallon fim ɗin ya ce an yi daidai a nan, an ƙara gishiri a can, kuma babu kwamitin Venice da ya fi shi sanin wannan.

Wada'an Juliya na Muhammad Kurdufani, a kan wata mawaƙiya 'yar arewa da 'yar aikinta 'yar kudu gabanin rabuwar ƙasar a 2011, shi ne fim ɗin Sudan na farko a jerin Cannes. Ya ci Kyautar 'Yanci a Mayun 2023, wata guda bayan yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu. An aika shi Oska, bai shiga jerin 15 ba. A silimomin Alƙahira da na ƙasashen Tekun Fasha aka yi ta cika zaure don kallonsa, da yawa daga masu sayen tikitin kuma 'yan Sudan ne da suka baro unguwannin da ake nunawa a allon.