Wai mene ne laburaren samful da masu haɗa kiɗa ke ta faɗa?

Shekaranjiya a wani ɗan sitidiyo da ke Tudun Wada, wani yaro da ke koyon haɗa kiɗa ya ce min "Yaya, wai laburaren samful ɗin nan shi ne fulogin ko daban suke?" Kuma gaskiya ba shi kaɗai ba, da yawa a Kadunan nan suna haɗa su wuri ɗaya.

Samful dai ɗan guntun sauti ne da aka naɗa, yawanci fayil ɗin WAV. Mutum ya samu tsohon sintesaiza, wato fiyanon lantarki mai ƙirƙirar sauti, ya danna maɓalli ɗaya ya naɗi ƙararsa, ya danna na gaba ya naɗa, haka har ya tara da yawa a folda, sannan ya haɗa da wani ɗan fayil, irin su SFZ, wanda shi ke gaya wa kwamfuta wane sauti ne zai fito in ka taɓa wane maɓalli. To wannan tarin shi ne laburaren. Fulogin kuwa 'yar manhaja ce da ake ɗorawa a kan manhajar haɗa kiɗa; irin su Dexed lissafi yake yi yana kwaikwayon sintesaizar Yamaha DX7, amma samful muryar injin ce da kanta aka kamo, har da ɗan shuuu ɗinta da rawar da take yi saboda tsufa, kuma ni wallahi wannan rawar ce take kashe ni.

Injinan da ake bi kuwa su ne irin Minimoog na 1970, DX7 na 1983, Roland Juno-106 na 1984. Kai ko 808 ɗin da kowa ke zubawa a bit yanzu, sunan injin ganga ne, Roland TR-808 na 1980, yara da yawa sun ɗauka sunan bes ne kawai.

Na kyauta akwai su birjik. Akwai Freesound da wata jami'a a Basalona ta ƙasar Sifen ke kula da shi, akwai Pianobook, sai ka sauke manhajar Decent Sampler ko sforzando ka buɗe su, duk ba ko sisi sai dai data. Amma don Allah ka duba lasisi kafin ka sa a waƙar da za ka sayar. Mai lasisin CC0 yi yadda ka ga dama, wasu sai ka ambaci mai shi, wasu kuma sun hana kasuwanci da shi sam.

Haɗa naka ne ya fi daɗi. Kar ka kara makirfon a sifika, ja kebul daga bayan fiyanon kai tsaye zuwa sawun kad, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Ba sai ka naɗi kowane maɓalli ba, kowane na uku ko na huɗu ya isa, samfula, wato manhajar da ke kunna samful ɗin, za ta cike tsakani, amma kowanne ka danna shi a hankali sau ɗaya, da ƙarfi sau ɗaya, ka bar sautin ya mutu da kansa kafin ka tsayar. Ni karon farko da janareta na yi, awa biyu cur ina dannawa, ashe akwai wani huuum a ƙarƙashin kowane fayil, sai da na sake daga farko da batirin inbata. Ka yanke shirun farko a manhajar Audacity, ka sa wa kowane fayil sunan notinsa, C3, E3, in ba haka ba gobe kai ma ba za ka gane su ba.

Abu ɗaya, fiyano irin Korg M1 na 1988 ko Yamaha PSR ɗin da waƙoƙin finafinan Hausa suka tashi a kansu, sautukan cikinsu su ma samful ne mallakar kamfani, so rabawa duniya ba kamar na injinan analog irin su Minimoog da ba samful a cikinsu ba ne, karanta ƙa'idarsu tukuna.

Yaron dai ya ce akwai tsohon fiyanon kawunsa a Kawo, ƙura ta rufe shi, maɓalli biyu sun mutu amma yana kamawa. Na ce ya kawo ranar Asabar, ya haɗo da adaftarsa.